Daga Kalangun Shata Zuwa Fiyanon Busoni

Duk lokacin da wani matashi ya maimaita tsohuwar waƙa da fiyanon situdiyo, sai gardama ta tashi. Dattawa su ce an ɓata, samari su ce an raya. Gardamar ta daɗe, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi ta ba.

Mu fara daga Daura. Sarauta tana da kayan kiɗanta: tambari da kakaki da algaita. Mawaƙan fada a ƙasar Hausa kuwa da taushi ko kotso ko jauje aka san su. Kalangu na mahauta ne da dandalin 'yan mata. Amma da kalangun ne Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar shahararriyar waƙarsa. Sarkin ya yi mulki daga 1966 zuwa 2007. Shata ya ɗauko yabo irin na fada ya ɗora wa gangar kasuwa, rediyo da kaset suka kai shi kunnen waɗanda ba su taɓa taka Daura ba.

Turai ma an yi irin wannan. Johann Sebastian Bach, Bajamushen da ya rayu daga 1685 zuwa 1750, ya tsara kiɗe-kiɗe don ogan, wato ƙaton abin kiɗan coci mai busa iska ta bututu, wanda ake kaɗawa da hannu da ƙafa. Yakan fara da share fage, sannan ya shiga abin da suke kira fuga: murya ɗaya ta ɗauko karin, ta biyu ta biyo ta da karin nan tun ta farko ba ta dire ba, har su zama uku ko huɗu suna saƙa.

A 1888 wani makaɗi haifaffen Italiya, Ferruccio Busoni, ya mayar da ɗaya daga cikinsu kan fiyano. Nan ya tarar da matsala. Sautin ogan yana daɗewa muddin yatsa na kansa, na fiyano kuwa da an buga yake fara mutuwa. Ga kuma muryar da ƙafa ke kaɗawa, dole hannu ya ɗauke ta. Sai Busoni ya riɓanya sautuka, ya ƙara nauyin ƙasa, ya sa amo mai kauri irin na zamaninsa. Daga baya masu kishin asali suka ce ya cika gishiri. Shi kuwa bai ɓoye hannunsa ba, shi ya sa har yau ake kiran aikin Bach-Busoni.

Fiyanon lantarki ya mamaye waƙar Hausa ne a shekarun 1990, tare da finafinan Kano. Matsalarsa ta fi ta Busoni. Kalangu magana yake yi: makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, sauti ya hau ko ya sauka yadda karin Hausa ke yi, har mai sauraro ya tsinci kirari ba tare da an buɗe baki ba. Kiɗan da aka ɗauka a na'ura yana maimaita kansa ne kawai, ba ya amsa wa mawaƙi.

Mai son sabunta waƙar Sarkin Daura yana da hujja, domin Shata da kansa sauyi ya kawo. Sai dai akwai sharaɗi biyu. Ya san aikin da kalangu ke yi a cikinta, ya nemi abin da zai cike gurbinsa. Sannan ya ambaci sunan mai waƙar kafin nasa.