Toshe intanet a Nijar: an kare mulki, wa ya kare yara?

Kullum aka ga wani bidiyon batsa yana yawo cikin salular yara, sai mu ce gwamnati ta toshe abin kawai a huta. To bari mu waiwayi tarihi, mu ga sau nawa aka toshe, kuma don wa aka toshe.

Damuwa da tarbiyya ta daɗe a Maraɗi. A watan Nuwamba na 2000, lokacin bikin nuna tufafi na FIMA a Yamai, masu zanga-zanga sun fito cikin garin nan, aka farfasa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu, aka ƙona wuraren ibadar Kirista. A lokacin abin da ake ƙi yana da gida da ƙofa. A Kano kuwa, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai, tana duba fim kafin ya shiga kasuwa. Hakan ya yiwu ne saboda fim yana cikin kasat da faifai. Yau yana cikin aljihun yaro ɗan shekara goma sha biyu.

A Janairun 2015, bayan tarzomar zanen Charlie Hebdo a Damagaram da Yamai, hukuma ta tsayar da saƙonnin SMS da shafukan sada zumunta na 'yan kwanaki. A ranar 24 ga Fabrairun 2021, bayan sanar da sakamakon zaɓe tsakanin Bazum Mohamed da Mahaman Usman, aka yanke intanet ɗin salula, sai 5 ga Maris ya dawo. Kwana goma cur! Ɗan kasuwar da ke tura hoton kaya ta WhatsApp zuwa Jibiya da Katsina ya ji a jikinsa. Makwabtanmu ma sun ɗanɗana: Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Duk waɗannan toshewa dalilinsu siyasa ne da tsaro. Ranar da rezo ya dawo, abin da ke ɓata yara ya dawo tare da shi.

Doka kuwa akwai ta. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 3 ga Yulin 2019 ta haramta hotunan batsa na ƙananan yara. Amma shari'ar da ta fi yin amo a ƙarƙashinta ita ce ta 'yar jarida Samira Sabou, wadda aka tsare a Yunin 2020 kan rubutun Facebook. A 2022 aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, a Yunin 2024 Janar Tiani ya maido da shi. Ke nan an fi taɓa sashen da ya shafi manya da bakinsu.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. Ostireliya ta yi doka a 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a TikTok, Facebook da makamantansu, kuma tarar kamfani ake ci, ba iyaye ba.

Mu nan me za mu nema? A yi aiki da sashen dokar 2019 da ya shafi yara, a hukunta mai ɗaukar hoton yarinya yana watsawa, maimakon a bar ta ita kaɗai da kunya. A koyar da hatsarin salula a lakwal da makarantun Islamiyya. Mai tura fina-finai a bakin kasuwa ya dubi shekarun wanda ya miƙo masa katin memori. Mu iyaye da ke sayen salular da kuɗin kiredi, mu san abin da ake kallo, kuma wayar yaro ta kwana a ɗakin uwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a.