Riƙon Yaro a Gaban Shari'a: Daga Zauren Alƙali Zuwa Dokar 2020

A Mashi, kan hanyar Katsina zuwa Daura, in ka ji shari'ar yaro ta kai gaban alƙali, kusan kullum aure ne ya mutu. Uwa na neman riƙo da kuɗin ciyarwa, uba na cewa ba ta kula da tarbiyya. Mazhabar Malikiyya ta daɗe da yanke wannan: uwa ce ke da riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji. In uwar ta auri bare, riƙo ya koma wurin kaka ta wajen uwa. Ci da sha da sutura kuwa suna wuyan uba.

Zamanin En'e, wanda hukuncin alƙali bai gamsar ba yakan kai kukansa gaba, wani lokaci har fadar sarki. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Arewa, sannan gyaran 1967 ya raba sarakuna da kotuna. Yau tsanin a bayyane yake: ƙaramar kotun shari'a, babba, sai gaban Alƙalin Alƙalai a Katsina, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci walicin ƙananan yara cikin hurumin kotun Alƙalin Alƙalan.

Sai dai duk wannan tsani na manya ne. Uba ya ɗaukaka ƙara, uwa ta ɗaukaka, yaron da ake ja a kansa yana waje yana jira. Hukuma ta tsaya da kanta ta tuhumi iyaye da sakaci, wannan baƙon abu ne a ƙasarmu, duk da cewa Arewa na da dokar yara da matasa tun 1958. An fi amfani da ita kan yaron da ya yi laifi, ba wanda aka yi wa ba.

Daura ce ta tona wannan giɓi. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a garin, suka fito da mutum 67, wasu da sarƙa a ƙafa. Akasarinsu iyaye da dangi ne suka kai su da hannunsu, da niyyar a shiryar da su daga shaye-shaye ko kangara. Masu gidan aka kama.

Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta fito tun 2003 da tanadin kotun iyali, amma Katsina ba ta yi tata ba sai ƙarshen 2020, lokacin Gwamna Aminu Bello Masari. A ganina dokar ta zo a makare, kuma takarda ba ta shiga ƙauye da ƙafarta. Bazawarar da ta rasa riƙon 'ya'yanta a wani ƙauyen Mashi, kafin ta yi maganar afil sai ta fara lissafin kuɗin mota, da na kwafin shari'a, da wanda zai raka ta. Da yawa nan suke tsayawa, su koma wurin mai unguwa neman sulhu.