Miyagun Malamai da Masu Neman Hujja a Tarihin Jihadin Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami domin sallar layya. Bayan an sauko daga Idi, sai aka shiga rabon kyauta ga malamai kamar yadda aka saba. Da aka zo kan wani malamin Degel mai shekara talatin da 'yan kai, wato Usmanu ɗan Fodiyo, sai ya ce shi da jama'arsa ba su da bukatar dukiyar sarki. A madadinta ya roƙi abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi a ƙasar, kada a hana duk wanda ya so amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke tsare, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince da su duka.

An fi kawo wannan labari don nuna ƙarfin halin Shehu a gaban sarki. Amma akwai waɗanda abin ya fi sosa wa rai, su ne malaman da ke zaune a filin, waɗanda cinsu da suturarsu suka rataya ga irin wannan kyauta. Tun kafin a zare takobi a Gobir, an shafe shekara talatin ana fafatawa tsakanin malami da malami a kan tambaya guda: wane ne ya cancanci a bi, kuma wa ke da ikon ce wa malami ya kawo hujja? Wannan takarda ta bi sawun tambayar daga tushenta har zuwa lokacin da ta juyo kan masu jihadin da kansu.

2.0 Malanta da Gargajiya Kafin Jihadi

Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun kawo Musulunci fadar Kano a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Shigowar sabon addini ba ta kori tsohon ba. Sun zauna gida ɗaya shekaru aru-aru, liman yana da matsayinsa a fada, masu bori da tsafi su ma suna da nasu.

Babu abin da ya fi bayyana wannan zama kamar Dirki. Wani ƙunshi ne da aka naɗe da fatu, sarakunan Kano suna yanka masa shanu don neman tsari. Sarki Muhammadu Alwali, wanda ya hau gadon sarauta a 1781, ya gaji da yawan shanun da ake nema, ya sa aka fasa ƙunshin da gatari, sai ga Alƙur'ani a ciki. Ma'ana, littafin da ya zo hana yanka ga wanin Allah shi aka mayar abin yi wa yanka. Irin wannan ba ya ɗorewa sai da malaman da suka gani suka kau da kai, ko kuma suka sa albarka.

Malami a wancan zamani shi ne mai rubuta wa sarki wasiƙa, shi ne alƙali, shi ne mai ba mayaƙa laya, shi ne mai duba ranar fita yaƙi. Talaka kuwa bai iya Larabci ba, balle ya buɗe littafi ya gani da idonsa. Abin da malam ya faɗa shi ne addini.

3.0 Ma'aunin Magili

Wanda ya fara kafa ma'aunin awon malamai a wannan yanki shi ne Muhammadu ɗan Abdulkarimu Magili, mutumin Tilimsan, wanda ya zauna a Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, wajen 1492. Daga baya ya wuce Gawo, inda Askiya Muhammadu na Songai ya yi masa jerin tambayoyi. Ta farko a kan malamai take. Askiya ya koka cewa a ƙasarsa akwai masu littattafai da ke yanke hukunci alhali Larabcinsu bai taka kara ya karya ba, shin ya halatta a bi su?

Magili ya kasa malamai gida biyu. Akwai ma'abota ambato, waɗanda suka haɗa sani da tsoron Allah, su aka ce a tambaya. Akwai kuma miyagun malamai, masu cin dukiyar mutane da ƙarya, waɗanda ɓarnarsu ta fi ta kowa domin da sunan addini suke yin ta. Muhimmin abu a nan shi ne, bai sa rawani ko yawan almajirai ko kusanci da sarki a cikin ma'aunin ba. Halin mutum da aikinsa su ne shaida. Bayan shekara ɗari uku, wannan amsa ta zama makami a hannun Shehu, wanda ya yawaita kafa hujja da ita a littattafansa.

4.0 Shehu da Malaman Zamaninsa

An haifi Shehu a Maratta a 1754, ya fara wa'azi yana da shekara ashirin. Ya yi wa talakawa magana da Fulatanci da Hausa, a kasuwa da ƙauye, abin da ya rage wa masu riƙe da Larabci kwarjini. A littafinsa Nurul Albabi ya lissafa abubuwan da ya ce a bari: yanka ga itatuwa da duwatsu, duba da ƙasa ko taurari don sanin gaibu, da rubuta ayoyi da jini. Da yawa daga cikin waɗannan sana'ar malaman tsibbu ce, ba ta maguzawa kaɗai ba.

Zargin da ya fi zafi a littafin ya shiga har cikin gidajen malamai. Ya ce suna zama da ɗalibai safe da yamma don a gani a yaba, amma sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ba su san hukuncin alwala da salla ba. Ya kuma gargaɗi mata kada su ruɗu da mai ce musu tsirarsu tana ga yi wa miji biyayya kawai, ba tare da ya ambaci biyayya ga Allah da Manzonsa ba. A nan Shehu ya ba wanda ake ganin ya fi kowa rauni a gida izinin auna maganar malami.

Malamai ba su yi shiru ba. A lokacin rangadin wa'azinsa na Zamfara, wani malamin Borno, Mustafa Gwani, ya soke shi da waƙa a kan barin mata su halarci majalisinsa tare da maza. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da martani. Amsar ita ce, barin mata cikin jahilci ya fi fitowarsu neman sani muni, kuma idan ɓarna biyu suka haɗu, ƙaramar ake ɗauka.

Akwai kuma wasu masu karatun tauhidi da suka wuce gona da iri. Sukan tare talaka su yi masa tambayoyin ilimin kalami, in ya kasa su ce ba Musulmi ba ne. Shehu ya yi rubuce-rubuce da dama yana kare imanin gama-garin mutane daga waɗannan.

Wannan matsayi ne ya kai shi ga saɓa wa malaminsa da ya fi ƙauna, Malam Jibrilu ɗan Umaru. Jibrilu yana ganin mai aikata manyan zunubai, kamar tara mata fiye da huɗu ko cin dukiyar marayu, ya fita daga Musulunci. Shehu ya rubuta cewa wannan ba ita ce fahimtar Ahlussunna ba, saɓo daban, kafirci daban. Bai daina yabon Jibrilu ba har ƙarshen rayuwarsa, bai kuma bi shi a kan abin da ya ga kuskure ne ba. A al'adar da almajiri ke tsugunawa ya gaida malaminsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

5.0 Da Ma'aunin Ya Juyo Gida

Sarkin Gobir Nafata ya soke sassaucin da Bawa ya yi. Ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu, ya hana rawani da lulluɓi, ya ce wanda bai gāji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa. A zamanin ɗansa Yunfa abin ya kai ga hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto cikin shekarar, Alƙalawa kuma ta faɗi a 1808. Masu tambaya sun zama masu mulki, sai tambaya ta fara zuwa musu ta fuska uku.

Ta farko daga Borno ta zo. Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi ya rubuto wasiƙu yana neman hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi. Ya yarda akwai masu yanka a wuraren tsafi da alƙalai masu cin hanci a Borno, amma ya ce wannan saɓo ne, kuma akwai irinsa a Masar da Sham ba a kira su ƙasashen kafirci ba. Kusan hujjar da Shehu ya kafa wa Jibrilu ce aka dawo masa da ita. Muhammadu Bello ya amsa cewa laifin Borno shi ne taimakon sarakunan Hausa a kan Musulmi. Abin yabo a nan, Bello bai ɓoye wasiƙun abokin hamayyarsa ba, ya sa su cikin Infaƙul Maisuri, littafin da ya kammala a 1812.

Ta biyu daga cikin gida ta fito. A 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, Malam Abdullahi ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Abin da ya kore shi, kamar yadda ya bayyana a Tazyinul Waraƙati, shi ne yawancin abokansa na gaskiya sun mutu a fagen fama, waɗanda suka rage kuwa hankalinsu ya koma ga neman sarauta, tara ƙwaraƙwarai, tufafin ƙawa, dawakin sukuwa a gari, da cin ganima da rashawa. Wato abin da aka yaƙi sarakunan Haɓe a kansa. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami don su san yadda ake mulki da shari'a, sa'an nan ya koma. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma matsayinsa na ƙanen Shehu ya sa ba wanda ya taɓa shi.

Ta uku ba ta ƙare lafiya ba. Malam Abdussalami, Ba'are, yana cikin manyan almajiran Shehu na farko, kuma harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana na daga cikin musabbaban hijira. Bayan nasara sai ya ga an raba ƙasashe an bar shi da Kware. Da Shehu ya rasu a 1817, ya yi musayar wasiƙu da Bello yana kukan zalunci da ƙwace a cikin jama'a. Bello bai musanta aukuwar ɓarna ba, amma ya ɗauki hulɗar Abdussalami da abokan gaba a matsayin ridda. Aka ci Kware a farkon 1818, Abdussalami ya tsere da rauni ya rasu a Bakura. Labarin ya iso ga na baya ne ta alƙalamin Bello, a Sardul Kalami. Kukan Abdullahi da na Abdussalami sun yi kama, makomarsu ce ta bambanta.

6.0 Barin Bori: Hanyar Nana Asma'u

Yaƙi ya sauya sarakuna, amma bai cire bori daga zukatan mata ba, musamman dubban da aka kamo aka shigar gidaje. Bori shi ne maganinsu in ciwo ya zo, shi ne kuma dandalinsu. A Tsibiri da Maraɗi, inda Gobirawa da Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa sababbin fadoji, bori ya ci gaba da zama a ƙarƙashin Inna da Iya.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta bi wata hanya. Ta kafa tsarin 'yan taru, inda mata daga ƙauyuka ke zuwa wurinta ƙarƙashin jagorancin jaji, su koyi waƙoƙin addini da Hausa da Fulatanci, su koma su koya wa na gida. Takan naɗa jaji da malfa, irin hular da aka san Innar Gobir da ita. Ta gane cewa mutum ba ya sakin abin da ya dogara da shi sai an ba shi madadi, kuma an bar masa mutuncinsa. Tsarin ya rayu bayan daular da kanta ta faɗa hannun Turawa a 1903.

7.0 Kammalawa

Muhawarar ba ta mutu da ƙarni na 19 ba. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, Malam Aminu Kano ya riƙa kafa hujja da koyarwar Shehu da Abdullahi a kan sarakuna da alƙalan da suka gāji tutocin jihadi. A 1978 aka kafa Izala a Jos ƙarƙashin Shaihu Isma'ila Idris, da goyon bayan Shaihu Abubakar Gumi, tana tuhumar shehunan ɗariƙa da bidi'a da cin guminsu mabiya. 'Yan Izala suka riƙe Ihya'us Sunna na Shehu, 'yan ɗariƙa suka tuna musu cewa mai littafin Baƙadire ne. Ita ma Izalar ta rabu gida biyu, Jos da Kaduna, a farkon shekarun 1990.

Abin da tarihin ke nunawa shi ne, tuhumar malami a ƙasar Hausa ba baƙuwar ɗabi'a ba ce da boko ya kawo. Daga zauren karatu ta fito, kuma manyan malamai ne suka koyar da ita. Sai dai neman hujja yana da sauƙi ga wanda ba shi da iko. Inda ake gane gaskiyar mai gyara shi ne ranar da ya hau buzu, almajirinsa ya ɗago kai ya nemi tasa hujjar.