Yitang Zhang da Tagwayen Lambobi

A cikin lissafi akwai waɗansu lambobi masu taurin kai, waɗanda ba su rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, kamar 5 da 7 da 11. Tun zamanin Yunanawa Yuklid ya tabbatar ba su da iyaka, amma gwargwadon nisan ƙidaya gwargwadon ƙarancinsu. Duk da haka jefi-jefi sai a ga biyu kusa da juna, 2 kaɗai ke tsakaninsu, kamar 11 da 13, ko 101 da 103. Su ake kira tagwaye. To, tagwayen nan suna ƙarewa ko kuwa? Masana sun daɗe suna zaton ba su ƙarewa, amma a wannan fanni zato ba ya zama hujja.

Wanda ya fara buɗe ƙofar nan wani malami ne mutumin Sin, Yitang Zhang. An haife shi a Shanghai cikin 1955. Hargitsin juyin al'adu ya raba shi da makaranta, aka kai shi ƙauye aikin gona, bai shiga Jami'ar Bejin ba sai 1978. Daga nan ya tafi Amurka, ya sami digirin dakta a Jami'ar Purdue cikin 1991. Sa'an nan fa duniya ta juya masa baya. Babu jami'ar da ta ɗauke shi, har ya yi aiki a kantin abinci na Subway. Sai cikin 1999 ya sami gurbin ƙaramin malami a Jami'ar New Hampshire, yana koyar da ɗalibai, ba wanda ya san da zamansa.

Waɗansu masana uku, Goldston da Pintz da Yildirim, sun kusa cim ma abin cikin 2005, sauran ƙiris suka tsaya. Wannan ƙiris shi Zhang ya yi shekaru yana bi shi kaɗai. Ran 3 ga Yuli 2012, yana zagaya bayan gidan wani abokinsa a Kolorado, dabarar ta faɗo masa. Bai yi gaggawa ba, ya yi watanni yana bin hujjarsa daki-daki, ya aika wa mujallar Annals of Mathematics cikin Afrilu 2013. A wata mai bi suka karɓa, ga su kuwa mutanen da kan riƙe takarda shekara guda.

Abin da ya tabbatar shi ne, lambobin nan da ke zuwa biyu-biyu, ratarsu ba ta kai miliyan 70 ba, ba su ƙarewa har abada. Mai karatu ya ce ina miliyan 70 ina 2? Ai kafin Zhang ba wanda ya iya kafa wata iyaka ko kaɗan, kome girmanta. Da ya kafa, sai masana suka yi caa a kai. James Maynard ya sauko da ita 600, cikin 2014 kuma taron masana suka kai ta 246. Shi kuwa Zhang aka ba shi farfesa yana gab da shekara sittin. Ratar 2 ɗin nan, har yau ba a tabbatar da ita ba.