Ciyawar da Fulanin Kachia suka shuka tun 1980, muka manta da ita

Tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024 nake ganin muhawara a nan Facebook kan killace shanu. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: in an killace su, me za su ci daga Janairu zuwa Mayu? A 2016 Minista Audu Ogbeh ya ce za a shigo da irin ciyawa daga Birazil, aka yi ta yi masa dariya. Alhali an taɓa yin makamancin haka a jihar Kaduna, kuma ciyawar ta yi.

Sunanta Sitailo, nau'in da ake kira Verano. Dangin wake ce da gyaɗa, asalinta Benezuwela, Ostireliya ta inganta ta ta fitar da ita a 1973. Cibiyar ILCA ta buɗe shiri a Kaduna a ƙarshen shekarun 1970, ta yi aiki da Fulanin da suka zauna a Kurmin Biri cikin gandun kiwo na Kachia da kuma Abet. Dabarar ita ce rumbun ciyawa: a kewaye kamar hekta 4 da waya, a kwanar da shanu a ciki su tattake ƙasa su zuba taki, sannan a watsa iri da takin supa. Da rani a saki shanun tatsa da masu ciki su yi awa biyu ko uku a rana.

Abin da ya fi burge ni shi ne irin. Ɓawonsa tauri gare shi, ruwa ba ya shigarsa da wuri, shi ya sa kafin shukar farko sai an jiƙa shi a ruwan zafi. Amma wannan taurin shi ne amfaninsa. Wanda ya zube ƙasa ba ya tsirowa lokaci guda. In ruwan farko ya yaudare ka ya ɗauke, saura na nan kwance yana jiran na gaba, wani ma sai baɗi. Shuka ɗaya, shekaru tana dawo da kanta. Saiwarta kuma na tara naitirojin, bayan shekara biyu ko uku a sa masara a wurin ta yi kyau da ɗan taki kaɗan. Haka manoman alkama na kudancin Ostireliya suka daɗe suna juya gona tsakanin hatsi da kiwon tumaki.

To me ya hana ta bazuwa? Wayar shinge ta yi tsada bayan faɗuwar naira a zamanin SAP daga 1986. Ga gobarar daji, ga gara na cin turaku. Amma a ganina babbar matsalar ƙasa ce. Bafulatanin da aka ara wa fili, bai san ko baɗi mai gona zai karɓe abinsa ba, wallahi ba zai kashe kuɗi kan irin da ribarsa sai shekara ta uku ba. Mai gonar ma da ya ga ƙasa ta gyaru, ai sai ya so kayansa.

Mu a Kano lissafin daban ne, don kewayen birni babu saura, kowace gona ana nomanta duk shekara. Harawar wake da ta gyaɗa su ne namu, shi ya sa da IITA ta buɗe tasharta a Kano a 1990 ta mai da hankali kan waken da ke ba da ƙwaya da harawa tare. Duk mai turken rago a nan Fagge ko Sabon Gari ya san yadda damin harawa ke tashi da bazara.

Amma gandayen kiwon da aka ware ƙarƙashin dokar 1965 fa? Can ne wurin Sitailo, ga NAPRI a Shika da ta san ta sarai. Abin da nake son ji daga sabuwar ma'aikatar shi ne, makiyayin da zai shuka ta, wace takarda za a ba shi cewa filin nasa ne na shekara goma?