Sawakin: Ganuwa da Zango

A garinmu Mai Wurno, bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, da wuya ka shiga gidan da ba a san sunan Sawakin ba. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas. Makka suka nufa, Sudan hanya ce kawai, Sawakin kuwa ita ce ƙofar teku.

Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 na je na ga garin da idona. Yana gaɓar Bahar Maliya, kimanin kilomita 60 kudu da Fot Sudan. Tsohon birnin tsibiri ne, da dutsen murjani aka gina gidajensa, kuma Turkawan Usmaniyya sun riƙe shi tun ƙarni na 16. A shekarun 1880, da Usman Digna, kwamandan Mahdi, ya matsa wa garin lamba, sojojin Masar da na Ingila suka kewaye shi da ganuwa. Ƙofar Kitchener ta 1886 tana nan tsaye. Digna bai ci garin ba. Sabuwar tashar Fot Sudan da aka buɗe a 1909 ce ta ci shi: 'yan kasuwa suka ƙaura, gidaje suka rasa mai gyara, suka zube.

Mun kafa tanti a bayan ganuwa, muka kwana iskar gishiri tana dukanmu. A irin wannan fili matafiya aikin hajji suke yada zango, suna jiran jirgin ruwan Jidda. Wanda guzurinsa ya gaza tun a hanya, sai ya tsaya gonakin audugar Jazira, waɗanda aka buɗe a 1925, ya yi kaka ɗaya, ya yi biyu, har ya aurar da 'ya'ya. Haka ƙauyukanmu da yawa suka cika.

Ganuwa tana ɗauke da sunan wanda ya gina ta, har Turkiyya ta ƙulla yarjejeniyar gyaran tsibirin a 2017. Zango kuwa bai bar ko tubali ba. Tarihinsa yana bakin tsofaffinmu, su kuma yaƙi ya tarwatsa su. Duk mai kaka da rai, ya zauna gabanta da alƙalami tun da sauran lokaci.