Kunun Kanwa da Tarihin Kasuwar Gumel

Kafin marubuci ya sa tauraronsa ya ɗaga kwalbar lemo, ya kamata ya san abin da kakannin tauraron suka sha. A masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, abin sha mai ƙarfin ɗanɗano da muka gada shi ne kunun kanwa, kuma yana da tarihi.

An kafa masarautar ne wajen shekarar 1750, ta daɗe tana ƙarƙashin Borno. A 1851 Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya ratsa Gumel. Ya tarar ita ce babbar kasuwar kanwa. Barebari kan ɗauko ta daga wajen Kukawa da Muniyo, ba kasafai suke wuce Gumel da ita ba. A nan take sauya hannu, fatake su nausa da ita kudu har ƙasar Nufe. Garin da kanwa ke jibge haka a kasuwarsa, ba mamaki don ta shiga tukunyarsa: a ɗanwake, a miyar kuɓewa don yauƙi, a dafuwar wake don ya yi saurin nuna, sannan a kunu.

Da garin gero ake dama shi, a sa citta da kanumfari da barkono, sai ruwan kanwa da aka jiƙa aka tace. Kanwar ce ke juya launinsa ya yi ɗorawa-ɗorawa. Kurɓar farko yaji ne ke fara gaishe ka, sai wani ɗan bauri ya tsaya a bayan harshe. Wannan baurin shi ya sa iyayenmu ke haɗa shi da abu mai maiƙo, kamar ƙosai mai zafi ko gasasshen nama, domin yana wanke baki. Ba a gama shi da tsamiya, don kowa ya san kanwa ke kashe tsami.

Babbar mai shansa ita ce mai jego. Kwana 40 tana wankan ruwan zafi, tana shan kunun da aka cika wa kanwa, don a ganin tsofaffi yana kawo ruwan nono, yana fitar da sanyi. To amma a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan masu jego da ke zuwa da ciwon zuciya da kumburi. Bincikensu ya danganta abin da zafin wankan da kuma gishirin da ke cikin kanwa, wanda kan sa jiki ya tara ruwa har ya fi ƙarfin zuciya.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, nauyi biyu ne a kanmu. Mu adana wannan ɗanɗano a littattafanmu da sunansa da ƙamshinsa da mahaɗinsa, kada ya ɓace. Kuma idan mun zo labarin haihuwa, kada mu yi wa kunun kirari mu ɓoye illar yawansa, domin masu jego da iyayensu na cikin masu karanta mu.